Bata Ko Ɓata

Ni na rubuta rahoton da ya ce kotun ba ta bukatar Malam Maharazu. Shafi biyu ne, sunansa na layi na goma sha ɗaya.

Na dawo Daura a 2018, bayan shekara biyar ina karatun kwamfuta a Indiya. Wani kamfani da ya samu aikin shigar da tsofaffin takardun kotuna cikin kwamfuta ya ɗauke ni, ya tura ni wata kotun shari'ar Musulunci a kan hanyar Baure. Ba zan faɗi sunanta ba, domin kuskuren da zan ba da labari nawa ne, ba nata ba.

Aikin ba shi da wuyar bayani. A ɗauki hoton kowace takarda da na'ura, manhaja ta karanta rubutun, in duba, in adana. Wanda ya zo neman kwafin hukunci, maimakon a kwana uku ana tonon ɗakin ajiya, sai a buga sunansa a fitar masa kafin ya gama gaisawa da masinja.

Masu buga takardu uku ne a kotun. Yazid da Sumayya sun yi difloma, cikin mako guda suka kama. Na ukun shi ne Malam Maharazu, shekara talatin da biyu a kan tafireta ɗaya, saura uku ya yi ritaya. Da ƙarfi yake bugu. Tun daga gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa ake jin sa. Yatsunsa kullum baƙi ƙirin da kabon, har goron da ya ɓara sai ka ga shaidarsu a kai.

Bai taɓa kira na Sada ba.

"Ɗan Indiya, wai a can ba a yanka saniya?"

"A wasu wurare, Baba."

"To me ka ci shekara biyar?"

"Shinkafa da yaji."

"Shi ya sa ka dawo kamar tsinken tsire."

Na gwada koya masa kwamfuta sau ɗaya. Ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya buga "kotu" yadda ya saba. Harafin ƙarshe ya tafi da gudu har ya cika layi biyu. Sumayya ta rufe baki da mayafi. Ya miƙe.

"Wannan ba buga shi ake yi ba, lallaɓa shi ake yi. Ni ban iya lallaɓa ba."

Ban sake gwadawa ba. Na rubuta rahoton.

Rajistara, Alhaji Misbahu, ya karanta a gabana. Ya ce ba korarsa za a yi ba. Daga ƙarshen wata zai bar teburinsa ya koma baranda, ya riƙa kiran sunayen masu ƙara. Kowa a kotun ya ji, har shi. Bai canza yadda yake gaishe ni ba, abin da ya fi damuna ke nan, amma ban janye ba.

Akwai wani abu game da tafiretarsa. Ba ta da ɓ, ba ta da ɗ, ba ta da ƙ. Idan ya zo kan ɗayansu sai ya buga harafin da ke akwai, ya ƙara masa ɗan ɗigo a sama: 'barawo, 'daki, k'ara. Shi ƙaho yake ce wa ɗigon. Manhajarmu kuwa datti ta ɗauke shi, irin kashin ƙuda da tsatsar ƙusa da suka cika tsofaffin takardun, ta share duka. Na lura da haka a mako na biyu. Yana zaune taku uku daga teburina, ban tambaye shi ba. Na rubuta jerin kalmomi na ba manhajar umarni: duk inda ta ga "barawo" ta mai da shi "ɓarawo", "daki" ya zama "ɗaki", "kara" ta zama "ƙara", "bata" ta zama "ɓata".

Ta ƙarshen ban ko yi shakka ba. A Indiya, lokacin da kewar gida ta dame ni, na haddace ƙa'idojin rubutun Hausa a intanet. Ƙa'ida ta ce "ba ta" kalma biyu ce, a raba ake rubuta ta. Ke nan duk "bata" da ke haɗe "ɓata" ce da ta rasa ƙugiyarta. Cikin rabin awa na gyara shafi dubu huɗu da ɗoriya. Har na sa wannan a cikin rahoton, a matsayin misalin abin da ba sai an sa mutum ba.

Saura kwana goma wata ya ƙare wani mutum mai suna Sama'ila ya zo daga wani ƙauye wajen Babban Mutum. Kwafin hukuncin 2003 yake nema, na wata gona. Ɗan'uwan mahaifinsa, marigayi Kalilu, ya yi wa matarsa Lami kyautar gonar kafin ya rasu, 'yan'uwa suka kai ƙara cewa a sa ta cikin gado. Mahaifin Sama'ila ne ya shigar da ƙarar, ya rasu bara, Sama'ila kuma bai san yadda aka ƙare ba, don yana Kongolam yana dako a lokacin.

Na buga sunan. Takarda ta fito. Layin ƙarshe ya ce: "Bayan jin shaidu biyu, kotu ta ɓata kyautar gonar da marigayi Kalilu ya yi mata."

Rajistara ya buga hatimi, ya dubi agogo.

"Minti huɗu! Da a da ne sai ka dawo jibi."

Sama'ila ya yi godiya ya tafi.

Litinin ta gaba ɗan acaɓa ya sauke wata tsohuwa a gindin darbejiya. Ta shigo ofis ba ta jira an kira ta ba, ta zauna a ƙasa duk da an miƙa mata kujera.

"Wane ne mai injin?"

Aka nuna ni.

"Kai ne, ɗana? Sannu da aiki. An ce injinka ya ce gonar ba tawa ba ce."

"Iya, hukuncin kotu ne ya ce, ba injin ba."

"Ina nan aka yi hukuncin. Can na zauna, wajen tagar nan. Alƙali ya ce an ba ni. Shekara goma sha shida ina noma ta. Yanzu mai unguwa ya ce kar in zuba iri sai kotu ta yi magana, ga hadari ya fara haɗowa."

Rajistara ya tambaye ta takardarta. Ta ce tana cikin ɗakin da ruwa ya rusa shekara shida da suka wuce. Alƙalin wancan lokaci ya rasu. Shaidun biyu sun rasu. Babban littafin da aka rubuta zaman da hannu, gara ta cinye rabinsa, har da wannan shekarar. Sama'ila kuma ya riga ya shigar da bukatarsa ta karɓar gonar, yana cewa mahaifinsa aron gonar ya bar mata don tausayi. Alƙali ya sa Laraba.

Abin bai dame ni ba. Na gaya wa kaina mutane sukan tuna hukunci yadda ya yi musu daɗi.

Bayan ta fita baranda sai ƙarar tafireta ta tsaya. Malam Maharazu ya zo ya tsaya a kaina.

"Ɗan Indiya, nuna mini."

Na buɗe masa. Ya sa tabarau, ya kawo fuska dab da gilashin kwamfutar.

"Wa ya sa wa wannan ƙaho?"

"Kai ka buga ta, Baba. Ga haruffan sunanka a ƙasa."

"Na ga sunana. Ƙahon nake tambaya."

"Ka tuna shari'ar ne?"

"Ina zan tuna? Lokacin ba a daɗe da kafa shari'a ba, kowa ya kwaso ƙararsa ya kawo, har mai bin akuya. Tashi mu ɗauko ta asali."

Ɗakin ajiya na bayan kotu, taga ɗaya gare shi. Ni da na ɗauki hoton kowace takarda a ɗakin, da sai na nemi lambar akwati a kwamfuta. Shi ya wuce kai tsaye, ya ɗaga ɗauri biyu, ya zaro na uku.

Kwafin kabon ne, ya koɗe sosai. Haruffan da kyar ake gani. "Kotu ta bata kyautar gonar da marigayi Kalilu yayi mata." Na duba sama da b ɗin, ba komai. Na duba sauran shafin, nan ma ba komai, ko a kan "kara" da kowa ya san ƙara ce.

"Ka gani, Baba. Ƙahonin duk sun koɗe. Wannan ba za ta raba gardama ba."

Ya karɓi takardar ya je taga, ya ɗaga ta sama ta fuskanci rana.

"Zo."

Na je. Shafin cike yake da ƙananan huji, kamar an bi shi da allura, haske na fitowa ta kowanne. Ya bi su da farce. Ga ɗaya a kan k'ara. Ga ɗaya a kan 'dan'uwa, biyu ma. Ga na k'auye, ga na shari'a. Ya sauko layin ƙarshe ya tsayar da farcen a kan "bata". Takardar lafiya lau, ba huji.

"Ƙarfen ƙahon ya taɓa karyewa, tun ina saurayi," in ji shi. "Wani maƙeri a Mai'adua ya gyara mini, ya bar masa tsini. Tun ranar duk inda na sa ƙaho sai ya huda, ta sama da ta ƙasa. Nan ban sa ba. Ba ta aka yi."

"To me ya sa ka haɗe su? Ba ta kalma biyu ce."

"In ji wa?"

"Ƙa'idar rubutu."

"Ba ta biyo ta nan ba. Mu haka muke bugawa: bata, yayi, tace. Dubi gabanta mana, ba ga yayi nan a haɗe ba?"

Yana nan. Manhajar ta raba shi, bisa umarnina.

Ban yarda nan take ba. Na ce ya nemo mini inda kotu ta rushe wani abu da gaske. Ya nemo cinikin wani jaki na 2005: "kotu ta 'bata cinikin." Na ɗaga. Huji a kan b. Na ce a ƙara. Muka duba takarda goma sha ɗaya kafin azahar, ko ɗaya ba ta saɓa ba.

Na zauna a kan wani akwati. Na gaya masa jerin kalmomin da na rubuta, da rabin awar, da shafi dubu huɗun.

Ya ɓara goro ya ci rabi.

"Ka ce injin ne ya yi. Kowa zai yarda, dama ba su amince da shi ba."

"Ba injin ba ne."

"Na sani. Amma kai yanzu ka fara aiki."

Mutumin da na rubuta a mayar baranda ke nan. Saura kwana huɗu wata ya ƙare.

Ranar Laraba na nemi izinin magana kafin a fara. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau.

"Allah ya gafarta Malam, kwafin da aka ba Sama'ila akwai kuskure a ciki, kuma ni na sa shi."

Na yi bayani a taƙaice. Malam Maharazu ya kawo takardar asali da sauran goma sha ɗayan. Alƙali ya sauko da kansa ya je taga. Ya daɗe yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kira Sama'ila ya ce shi ma ya duba.

Sama'ila ya duba. Bai iya boko sosai ba, amma huji ba ya bukatar karatu.

"Allah ya gafarta Malam, ni takarda mai hatimi aka ba ni. Ban ƙirƙira ba."

"Ba wanda ya ce ka ƙirƙira."

"Har na gaya wa mutane."

"Sai ka sake gaya musu."

Sama'ila ya juya wajen tsohuwar.

"Iya, ki je ki yi shukarki. Ki yafe ni."

"Allah ya yafe mu duka. Ka turo mini yaranka ranar noma, in dai da gaske kake."

Aka yi dariya. Ni kuwa kallo ɗaya Sama'ila ya yi mini ya fita. Na cancanta.

Alƙali ya ce in dakata.

"Shafi nawa wannan gyaran naka ya taɓa?"

"Duka, Allah ya gafarta Malam."

"Kwafi nawa aka bayar?"

"Talatin da bakwai."

"A dawo da su. Kada a sake fitar da ko ɗaya sai an gwada da ta asali. Wa zai gwada?"

Rajistara ya dubi Yazid da Sumayya. Sumayya ta ce ita ko sanin akwai huji ba ta yi ba sai yau. Malam Maharazu ya ce ai ba duka takardun ne nasa ba. Wanda ya gada, da biro yake sa ƙaho, kuma a takardar sama kaɗai, kabon ba ya samu. Wani da aka taɓa kawowa daga Zango na shekara biyu ba ya sawa sam, sai dai ka san shi ba ya cewa "ɓata", "soke" yake bugawa. Ya lissafa mutum biyar, kowa da halinsa. Babu wannan a rubuce ko'ina.

Da yamma na sake rubuta rahoton, shafi ɗaya. Na ce aikin na bukatar mai tantancewa, na faɗi sunansa, na faɗi dalili, har da nawa kuskuren. Na ce za a ƙara wata huɗu. Daga kamfani aka kira ni aka yi ta faɗa har wayar ta yi zafi a kunnena. Ba su kore ni ba, don babu wanda ke son zuwa ya karɓi shafi dubu huɗu.

Juma'ar ƙarshen wata ta zo ta wuce. Masinja ya ci gaba da kiran masu ƙara a baranda.

Amma mai tantancewa dole ya shigar da gyaransa da hannunsa. Wannan karon na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na hana haruffa gudu idan an danne su. Na ƙara girman rubutun. Na sa masa ɓ da ɗ da ƙ, kowanne da maɓallinsa, na manna 'yar takarda a kai. Na ce ya buga da duk ƙarfin da yake so, idan ya fasa allon maɓallan akwai wani a kabad.

A rana ta biyu ya yi kuskure a tsakiyar shafi. Ya ja tsaki, ya kai hannu gefe inda ya saba ajiye sabuwar takarda da kabon. Na nuna masa maɓallin gogewa. Ya danna, harafin ya tafi. Ya buga daidai. Ya sake gogewa, ya sake bugawa, har sau uku.

"Shi ke nan? Ba a sake shafin daga farko?"

"Shi ke nan."

Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Ka san shafi nawa na sake a rayuwata saboda harafi ɗaya?"

"Ban sani ba."

"Ni ma."

Ba zan ce ya zama gwani ba. Abin da Sumayya ke bugawa a awa ɗaya, shi sai ya wuni. Idanunsa na ruwa bayan la'asar. Amma a wata na farko ya kamo kuskure ɗari biyu da wani abu, duk nawa. Akwai mutumin da na rubuta ya saci ƙara, alhali kara ya sata, na dawa, daga gonar maƙwabcinsa. Wannan Yazid bai bar ni na manta ba. "Bata" kuwa ya samu guda goma sha tara da na juya musu ma'ana, uku a kan gado, ɗaya a kan riƙon yara. Babu wadda ta riga ta fita, sai ta Iya Lami.

Yazid da Sumayya yanzu kowace safiya suna awa ɗaya a ɗakin ajiya tare da shi, suna ɗaga takardu a taga, yana gaya musu hannun wane ne. Sumayya na rubuta abin da ya faɗa. Ni ma ina shiga. Yatsunsa sun washe, ya ce mai ɗakinsa ta tambaye shi ko an kore shi ne yake ɓoyewa.

Wata rana cikin damina yana bugu sai ya tsaya, ya danna ɓ, ya ƙura mata ido.

"Ɗan Indiya."

"Na'am, Baba."

"Ƙahon nan naka yana da kyau. Amma ba ya huda komai. Ranar da wani ɗan Indiyan ya zo bayanka ya share shi, a ina za a ɗaga a gani?"

A tsarin kamfani, bayan an gama aiki za a kwashe tsofaffin takardun a rage cunkoso. Na rubuta wa Rajistara cewa kada a taɓa su, a nemo akwatunan ƙarfe saboda gara. An kawo shida. Tafiretar ma tana cikin ɗaya, don ita ce shaidar hujin.

Na daɗe ban yi masa godiya ba, ban san ta inda zan fara ba. Sai ranar da ɗan acaɓan nan ya biyo ya ce in gaya wa mai tabarau geron Iya ya fitar da kai. Na isar da saƙon. Ya ce madalla, bai ɗago ba.

"Baba, na gode."

"Da me?"

"Da ka tashi daga teburinka ranar nan. Ba dole ba ne."

Ya goge wani harafi, ya buga wani.

"Juyo mini da fankar nan, Sada. Tun safe kai kaɗai take kallo."

Na juya mata kai.